Ƙafar Madu da Rumfar Tsakar Gida

Mu mutanen Gure ba mu san girgizar ƙasa ba sai a rediyo. Abin da muka sani shi ne yashi mai tafiya, wanda ke cinye gona a hankali, mai ita yana kallo har ya tsufa. Ban taɓa zaton ƙasa za ta motsa a can wata uwa duniya, abin ya zo ya zaunar da gidanmu jinya wata da watanni ba.

Sunana Falmata, ina koyar da yara a wata lakwal a nan cikin gari. Mu biyu ne wurin Innarmu, ni da ƙanena Mamadu, wanda kowa ke kira Madu. Shekara goma sha ɗaya na ba shi, don haka rabin goyonsa a bayana aka yi. Babanmu ya rasu tun Madu yana ƙarami. Yaron ya taso da kai, har ya samu bursu, wato tallafin karatu, ya tafi Turkiyya karatun gine-gine. Yana shekararsa ta uku aka yi girgizar nan da duk duniya ta ji labarinta.

Kwana tara ba mu san ko yana raye ba. Inna ta daina cin abinci, sai ɗan ruwan fura idan na matsa mata. A rana ta goma ina cikin aji wata baƙuwar lamba ta kira ni. Na ɗauka, na ji murya can ƙasa-ƙasa: "Yaya, ni ne. Ƙafa ce kawai." A gaban yara na zauna daɓas a ƙasa.

Ya fi wata biyu a asibiti a can kafin a sallame shi. Mai gidana ya je Yamai ya taho da shi. Sun iso mana cikin tsakiyar bazara, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, yana dogara sanduna biyu, ƙafar hagu a naɗe daga gwiwa zuwa idon sawu. An ce ƙashin ya farfashe, an sa ƙarfe a ciki, kuma akwai wani ɗan wuri a ƙwauri da bai gama rufewa ba. Inna ta gyara masa ɗaki tun sati guda kafin zuwansa, ta sa an shafe shi da farar ƙasa, ta turare shi. Da ya zo bakin ƙofa sai ya tsaya, ya ɗaga kai yana kallon azara ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, zafi ake yi," ya ce. "A shimfiɗa mini a waje."

Ba wanda ya kawo komai a ransa. Lokacin kowa a tsakar gida yake kwana.

Satin farko na 'yan barka ne. Gidan bai taɓa cika haka ba tun bikina. Na bar 'ya'yana wurin uwar mijina na dawo gidan Inna da zama. Kullum da safe muna kai shi gidan likita a wanke masa ciwon a sake naɗewa.

A sati na biyu na fara lura da abubuwa. Ba ya cire takalmi daga ƙafarsa mai lafiya, ko barci zai yi. Yana ajiye kofi da rabin ruwa kusa da matashinsa, ba don sha ba, sai ya riƙa kallonsa. Gidanmu kusa da babbar hanya yake. Wata rana da hantsi wata kamiyo, babbar mota mai lodin kanwa, ta wuce, ƙasa ta ɗan yi rugugi yadda ta saba tun muna yara. Madu ya zabura ya miƙe ba sanda, yana cewa, "Ku fita! Ku fita!" alhali duk a waje muke. Ya yi taku biyu ya faɗi a kan ƙafar. Ciwon ya buɗe, jini ya jiƙa bandejin.

Labari ya kai Kelle wurin Kawu Ari, yayan Inna. Ya zo da rubutu a gora da wani tsoho mai ɗori. Mai ɗorin mutumin kirki ne, yana taɓa ƙafar ya ji ƙarfe ya janye hannunsa ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Amma Kawu ya fito da wani garin magani a ƙunshi, ya ce da shi ya warkar da gyambon da ya shekara uku a ƙafar wani makiyayi.

"A kwaɓa da man shanu, safe da yamma," in ji shi. "Wannan jeka-ka-dawo da kuke yi da yaro a rana shi ke hana ciwon hutawa."

Gaskiya na gaji da zirga-zirgar, shi ma Madu ba ya son shiga ɗakin da ake wankin. Takardun da ya zo da su kuma da yaren can aka rubuta, shi da zai karanta mana ko kallonsu ba ya son yi. Da hannuna na kwaɓa maganin, da hannuna na shafa. Na rubuta wannan ne don kada wani ya ce jahilci ne kaɗai ke sa a yi haka. Ni malama ce, na yi.

Kwana goma ba mu koma gidan likita ba. Da farko bakin ciwon ya bushe, muka yi murna. Daga baya ƙwaurin ya kumbura ya yi sheƙi, zazzaɓi ya riƙa zuwa kullum da la'asar, sai kuma wari. Ranar da na danna gefen ciwon ruwa mai kauri ya fito, na san na yi ɓarna. Majo, babban ma'aikacin jinya na gidan likitanmu, ya duba sau ɗaya ya ce, "Damagaram, yau ba gobe ba."

Inna ta sa aka kai awakinta kasuwa, ta ɗaure tukunya da tabarma, muka hau mota mu uku. A Damagaram mun bi layi tun bayan sallar asuba har azahar kafin mu ga lokotoro, wato babban likita, kashegari wani layin na hoton ƙashi, sannan yawon farmasi da takardar magani, wannan ya ce babu, wancan ya ce sai jibi. Madu yana kwance a tabarma ƙarƙashin dogonyaro yana rawar ɗari cikin wannan zafin. Na yi fushi a kwanakin nan, na yi wa mutanen da ba su yi mini komai ba tsawa.

Lokotoron ƙashin wani siriri ne mai furfura a gemu. Ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, ya faɗi wata kalma da har yau ban manta ba, osteyit. Ya ce ma'anarta ruɓar ta wuce nama ta kai ƙashi.

"Za mu cire ƙarfen, mu kankare ƙashin," ya ce. "In bai ji magani ba nan da sati biyu, sai mu zauna mu yi maganar yankewa. Wa ya sa masa wannan abin a ciwo?"

"Ni ce," na ce.

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai ya ce, "To, ke ce kuma kika kawo shi da wuri. Wasu sai ƙafar ta yi baƙi suke zuwa." Allah ya saka wa mutumin nan da alheri duk inda yake.

An yi aikin, aka ɗaure ƙafar da wasu ƙarafa ta waje. Sati biyun nan ban san yadda suka wuce ba. Kullum in an zo wanki ina leƙa fuskar majo kafin in leƙa ciwon. A kwana na goma sha biyu zazzaɓin ya sauka bai dawo ba, lokotoro ya danna wurin ya ce, "Ƙafarka taka ce, saurayi." Inna ta fita waje ta yi sujada a kan yashi.

Sati biyar muka yi a can. Abin mamaki, yanzu in na tuna, ba wahalar ce ke fara zuwa mini ba. Abin da ke zuwa shi ne Inna a gindin bishiya ta kafa duwatsu uku tana tuƙa burabusko, 'yan jinya sun kewaye ta, wata Buzuwa da ba sa jin yaren juna suna ta hira da hannu suna dariya. Tun da na yi aure ban samu zama da uwata irin na lokacin ba. A tabarma ɗaya muke kwana, tana ba ni labarin ƙuruciyarta a Kelle, yadda suke hawan duwatsu neman magarya, da ranar da ta fara ganin babanmu a kasuwar Gidigir yana cinikin dabino bai iya ba.

Shi kuwa Madu, zaman ɗakin marasa lafiya azaba ne a gare shi. Majo ya tausaya ya sa aka ja gadonsa bakin ƙofa, da rana kuma a fito da shi baranda. Lokotoro ya lura, ya tura mu wurin wani abokin aikinsa mai duba damuwar zuciya. Madu ya je sau biyu, bai ce masa uffan ba. Mutumin ya kira ni gefe ya ce, "Wannan ciwo ne kamar na ƙafar. Ba iska ba ne, ba ragwanci ba ne. Kada ku ce masa ya manta, kada kuma ku tilasta shi ya faɗa. Ku dai kasance kusa ranar da zai yi magana."

Mun dawo Gure hadari ya fara haɗuwa a gabas. Mai gidana ya kafa masa rumfa a tsakar gida, ya rufa zana da kaba. Nan ya zama ɗakinsa, nan kuma ya zama majalisar gidan. Kawu Ari ya zo da buhun dabino da ɗan akuya, ya zauna ya kasa haɗa ido da kowa. Can dai, don ya samu abin faɗa, ya ce:

"Wai Madu, gaskiya ne abin da tsofaffi ke cewa, duniya a kan ƙahon sa take, in ya gaji ya juya ta ɗaya ƙahon sai ƙasa ta girgiza?"

Madu ya yi dariya. Ita ce dariyarsa ta farko tun dawowarsa, har Inna ta leƙo daga madafa. Ya ce in miƙo masa fasasshiyar tukunyar da ke bayan randa. Ya ɗauki tsingaro biyu ya haɗa bakinsu a kan yashi.

"Kawu, ƙasar da muke takawa ba guda ɗaya ba ce. Ɓawonta a fashe yake kamar wannan, manyan faifai ne na dutse, kuma suna tafiya. A hankali suke yi, ba su fi tsiron farce sauri ba. Inda biyu suka haɗu sai su cije, wannan na turawa, wancan na turawa, shekara ɗari, ɗari biyu." Ya riƙa danna su har hannunsa na rawa, sai ɗaya ya kuɓuce ya haye kan ɗayan, yashi ya watse. "Ka ga wannan kuɓucewar? Ita ce."

"To mu fa?" in ji Kawu, yana kallon ƙasar da yake zaune a kai.

"Mu muna tsakiyar faifan ne, nesa da baki. Shi ya sa ba mu san ta ba."

"Ko ma dai yaya ne," in ji Inna daga bakin madafa, "Mai abin ne ya motsa abinsa."

"Haka ne, Inna. Amma ba ita ta kashe yawancin mutane ba, gini ne. Na ga benaye biyu a jere, ɗaya na tsaye ko tagarsa ba ta fashe ba, ɗaya ya zauna kamar an taka kwali. Wanda ya gina shi ya rage ƙarfe, ya rage siminti." Daga nan ya ture tsingaron gefe, ya juya fuska wajen katanga.

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo wata ranar Laraba bayan azahar. Iska ta fara ɗaga zanar rumfar, muka kwashe kaya a guje. Na ce, "Madu, tashi mu shiga, ƙarafan nan ba sa son ruwa." Ya ce mu je, shi nan zai zauna. Na roƙe shi, na yi masa tsawa, bai motsa ba. Na rufa wa ƙafar leda na ruga ɗaki.

Ina juyowa na ga Inna ta fito. Ta ɗauko kujerarta 'yar tsuguno ta ajiye gefensa ta zauna, ruwa na zuba ta cikin kaba yana sauka a kanta. Mace mai shekara sittin da wani abu, mai ciwon ƙirji duk damina.

"Inna, ki shiga ciki!"

"In ka shiga."

"Don Allah, Inna, za ki kamu da sanyi."

"To sai in kamu. Kwana tara ina zaune a ɗaki kana waje ban san inda kake ba. Ba zan ƙara ba."

Aka yi wata tsawa, ya dafe kunnuwa. Ita ko gezau. Zanenta ya jiƙe ya manne mata, haƙoranta suka fara haɗuwa. Ya dube ta ya dube ta, sannan ya ce, "Yaya, miƙo mini sandunan." Muka riƙe shi ni da ita, ya tsallaka dokin ƙofa ido a rufe, ya zube a nan bakin ƙofar, gumi na haɗuwa da ruwan sama a fuskarsa.

A wurin, ruwa na dukan rufi, ya faɗa mana abin da bai faɗa wa kowa ba. Yana da abokin ɗaki, Isa, ɗan Mirriya, tare suka tafi karatu. Girgizar farko ta zo kafin asuba, kuma su biyun sun fito lafiya, da kayan barci, cikin sanyin da bai taɓa jin irinsa ba. Benensu ya tsattsage amma yana tsaye. Wajen azahar Madu ya ce zai koma ya ɗauko fasfo da bargo.

"Ya ce kar in shiga. Ni ma na san bai kamata ba, Yaya, karatuna ke nan. Na san girgiza takan dawo. Da ya ga na shiga sai ya biyo ni. Muna kan matakala girgiza ta biyun ta zo."

Ya ce sun daɗe suna magana a cikin duhun, ba sa ganin juna, Isa yana ta ce masa ya riƙa motsa yatsun ƙafa. Daga baya ya kira shi bai amsa ba. Sai kashegari aka tono Madu. Tun dawowarsa gida mahaifin Isa yake kiran wayarsa, shi kuma ya kasa ɗauka.

Inna ta je ta sauya zane. Sannan ta miƙo mini wayarsa ta ce, "Nemo mini lambar bawan Allahn nan." Ita ta yi magana da shi, ta yi masa gaisuwa, ta ce yaronta ba shi da lafiya ne, ba raini ba ne.

Bayan sati ɗaya sai ga mahaifin Isa da kansa. Malam Habu sunansa, dattijo mai lambu, hannuwansa duk kanta. Ya zo da kwandon goba da lemun tsami. Ya zauna a rumfa ya tambayi ƙafa, ya tambayi mai jiki. Madu bai bari ya gama ba ya ce, "Baba, ni na ja shi ciki. Ya hana ni, na ƙi ji."

Dattijon ya share ido da bakin rawaninsa. Sannan ya ce, "Da shi ne ya shiga, kai za ka tsaya a waje?"

"A'a, Baba."

"To." Ya gyara zama. "Ni ba wannan ya kawo ni ba. Yadda ya rasu an gaya mini, na karɓa. Shekara uku yaron nan yana can, in mun yi waya sai lafiya lau, lafiya lau. Kai ka zauna da shi. Me yake ci? Wai da gaske ya koyi girki? Uwarsa ta ce in tambaya."

Madu ya fara da kuka, ya ƙare da ba shi labarin ranar da Isa ya yi ƙoƙarin tuƙa tuwo da garin da ba su san na mene ne ba, har maƙwabta suka zo ganin abin da ke ƙonewa. Tsohon ya yi dariya yana hawaye. Kwana biyu ya yi mana, kullum suna rumfa su biyu, Inna tana aika musu shayi.

Ba zan ce daga ranar ya warke ba. An cire ƙarafan bayan kaka, ya koma sanda ɗaya, ya daɗe yana koyon taka ƙafar a kan yashin bayan gari inda faɗuwa ba ta da zafi. Ya koma wurin mai duba damuwar nan a Damagaram, wannan karon ya yi magana. Kwana a ɗaki ya zo a hankali, da ƙofa a buɗe. Har yau yana ɗingishi, har yau in babbar mota ta wuce yakan tsaya da magana sai ta yi nisa. Bai koma Turkiyya ba. Yana aiki da masu gini a nan, kuma magina sun san shi, ba a rage ƙarfe a gabansa.

Ga wanda zai ji: ciwon da ke da ƙarfe a ciki kada a sa masa komai sai abin da likita ya ce, ko wa ya kawo shi, ko don kunyar wa. Wanda ɗansa ke wata ƙasa ya gaya masa, in ƙasa ta girgiza ya fito, kada ya koma ciki don takarda. In kuma mutum ya dawo muku daga irin wannan yana abin da ba ku gane ba, ku kai shi a duba shi tun da wuri. Mu mun yi wata uku muna jinyar ƙafa kawai.

Inna ta rasu bara, bayan gajeriyar rashin lafiya, kwana huɗu kacal. Ba ta ba mu damar yi mata ko kwatankwacin abin da ta yi mana ba. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, mai gidana ne ya ba ni labari. Ya ce da aka zo sa ta, mutane suka tare Madu saboda ƙafarsa, wani ya ce bari shi ya shiga. Madu ya miƙa masa sandarsa, ya zauna a bakin ramin ya sauka da kansa. Shi ya karɓe ta, ya gyara mata kwanciya. Da aka miƙo itatuwan rufi ya jera su ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya danna shi da tafin hannu ya ji ya zauna daram kafin ya karɓi na gaba. Sai da ya gama duka sannan ya miƙa hannu aka jawo shi.

Allah ya haskaka mata, ita da Isa, da duk waɗanda ƙasa ta rufe a can ba mu san sunayensu ba.